FASHIN BAƘI: Abin da ya hana na'urorin gem sauka, da yadda tsadarsu ke isowa Yawuri

Shekara da shekaru, masu gidajen gem a Arewacin Najeriya suna da wata ƙa'ida da ba ta taɓa ba su kunya ba: idan sabuwar na'ura ta fito da tsada, a yi haƙuri, bayan shekara biyu ko uku za ta sauko. A kan wannan ƙa'ida aka gina sana'ar tun daga zamanin PlayStation 2, kuma da ita ce na'urorin da aka ƙera domin ɗakunan yaran Turai da Amurka suka riƙa gangarowa har cikin rumfuna da ƙananan shaguna a Yelwan Yawuri, da Wara, da Shanga.

Yanzu ƙa'idar ta karye. PlayStation 5 ta shiga kasuwa a watan Nuwamban 2020 a kan dala 499. A watan Agustan 2025, tana dab da cika shekara biyar, kamfanin Sony ya mayar da ita dala 549 a Amurka. Xbox Series X ta kamfanin Microsoft, wadda ita ma ta fito a kan dala 499 a wannan wata na 2020, ta koma dala 599 a watan Mayun 2025, sannan dala 649 a watan Oktoba. Hatta Nintendo Switch, wadda ke kasuwa tun 2017 a kan dala 299, an ƙara mata dala 40 bayan ta shekara takwas.

Wannan bayani ya bi diddigin yadda ake yanka wa waɗannan na'urori farashi, da abin da ya tayar da kuɗin kayan haɗa su, da kuma rabon da mai saye a gaɓar tafkin Kainji yake ɗauka daga cikin wannan nauyi.

Yadda lissafin yake a da

Tarihin PlayStation 2 ya isa misali. Ta fito a shekarar 2000 a kan dala 299. A 2002 ta koma dala 199, a 2004 dala 149, a 2009 kuma dala 99. Sony ya ce ya sayar da sama da miliyan 160 daga cikinta, adadin da ya sa ta zama na'urar gem mafi yaɗuwa a zamaninta. PlayStation 3 ta fito a 2006 a kan dala 499 da 599, amma kafin ƙarshen 2009 ana samun ta a kan dala 299. PlayStation 4 ta fara da dala 399 a 2013, ta sauko zuwa dala 299 a 2016.

Sirrin wannan sauka yana cikin 'yar ƙwayar lantarkin da ake kira cip, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Ana yanko waɗannan ƙwayoyi ne daga wani faifai na silikon mai kama da faranti. A wancan lokaci, duk bayan 'yan shekaru masana'antu kan gano hanyar ƙanƙanta cip ɗin, ta yadda faifai guda zai ba da ƙwayoyi masu yawa fiye da da, a kan kusan kuɗi ɗaya. Ƙaramin cip ba ya cin wuta da yawa kuma ba ya zafi sosai, don haka fanka da akwatin na'urar da kayan wutarta duk sai su ƙanƙance. Abin da ya haifar da siraran PlayStation ke nan, waɗanda su ne suka fi cika gidajen gem na ƙasar Hausa.

Har yanzu ana ƙanƙanta cip, sai dai kowane sabon mataki yana zuwa da injina masu tsananin tsada, don haka rangwamen da ake samu ya ragu ainun. Kamfanin AMD na Amurka ne ya tsara cip ɗin PlayStation 5 da na Xbox, kamfanin TSMC na Taiwan kuma shi ke ƙera su. A layin TSMC akwai Apple da Nvidia, waɗanda ke iya biyan abin da mai na'urar gem ba zai iya ba.

Riba ba a jikin na'ura take ba

Kamfanonin gem sun daɗe suna bin dabarar mai sayar da fitila da araha domin ya riƙa sayar da kananzir. Sukan sayar da na'urar a kan kuɗin da suka kashe wajen haɗa ta, wani lokaci ma da faɗuwa, sannan su mayar da kuɗinsu ta hanyar wasannin da mutum zai saya, da kuɗin rajistar wata-wata, da kaso kusan 30 cikin 100 da suke cira daga cinikin da wasu kamfanoni suka yi a shagunansu na intanet.

Lokacin da PlayStation 3 ta fito, kamfanin nazarin kayan lantarki na iSuppli ya ƙiyasta cewa haɗa kowace guda yana cin sama da dala 800, alhali ana sayar da mai tsadar a kan dala 599. Kafin fitowar PlayStation 5, kafar Bloomberg ta ruwaito a watan Fabrairun 2020 cewa kuɗin haɗa ta ya kai kusan dala 450, kuma tun a lokacin ƙarancin memori ne aka ɗora wa laifi. Sai a watan Agustan 2021 Sony ya sanar cewa ya daina faɗuwa a kan samfurin da ke karɓar faifai.

Ke nan tazarar da ke tsakanin kuɗin haɗawa da kuɗin sayarwa siririya ce. Idan kaya guda daga cikin manyan kayan haɗin ya tashi, babu wani kitse da zai shanye ƙarin. Ko dai kamfani ya jure faɗuwa, ko ya miƙa wa mai saye.

Memori da ƙirƙirarriyar basira

Kowace na'urar gem tana da memori iri biyu. Akwai na aiki, wanda ake kira RAM, inda na'ura ke baza abin da take sarrafawa a daidai wannan lokaci, kamar tabarmar da mai awo ke shimfiɗa hajarsa. Akwai kuma na ajiya, wato rumbun da wasanni ke kwance. PlayStation 5 ta fito da gigabait 16 na memorin aiki da gigabait 825 na ajiya.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar memorin aiki a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, manyan kamfanonin fasaha suka shiga tseren gina cibiyoyin sarrafa bayanai domin ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan cibiyoyi suna buƙatar wani nau'in memori mai suna HBM, wanda ake jera ƙwayoyinsa bisa juna kamar benaye. Micron da kansa ya bayyana cewa HBM yana cin faifan silikon kusan ninki uku na abin da memorin kwamfuta na yau da kullum yake ci, a kan girma ɗaya. Duk faifan da aka karkatar can, an rage shi ne daga rabon waya da kwamfuta da na'urar gem.

A ranar 1 ga Oktoban 2025, kamfanin OpenAI ya sanar da yarjejeniya da Samsung da SK Hynix, inda aka ambaci buƙatar da za ta iya kaiwa faifai 900,000 a kowane wata. A cikin watan, SK Hynix ya ce an riga an kama duk abin da zai ƙera a 2026. Kafin shekarar ta ƙare, farashin memorin kwamfuta a shagunan Amurka da Turai ya ninka sau biyu zuwa uku. A farkon Disamba kuma Micron ya sanar cewa zai rufe Crucial, reshensa da ke sayar wa talakawan masu kwamfuta memori kusan shekara 30, domin ya fuskanci manyan abokan ciniki.

Ba a magance irin wannan ƙaranci cikin dare ɗaya. Gina sabuwar masana'antar memori yana cin biliyoyin daloli da shekaru. Su kuma kamfanonin uku ba su manta da 2023 ba, lokacin da kaya ya yi musu kwantai har suka tafka asara, don haka suna taka-tsantsan wajen faɗaɗa aiki. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Harajin Amurka

Kafin matsalar memori ta yi ƙamari, wata guguwar ta riga ta taso. A ranar 2 ga Afrilun 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya a kan ƙasashe da dama, ciki har da kashi 46 cikin 100 a kan Biyetnam da kashi 24 a kan Japan, yayin da na Chana ya yi ta hawa har ya kai kashi 145 na ɗan lokaci. A Chana da ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya ake haɗa mafi yawan na'urorin gem.

A ranar da aka yi wannan sanarwa ce Nintendo ya bayyana cewa sabuwar Switch 2 za ta fito a kan dala 449. Nan take ya ɗage ranar fara karɓar odar Amurkawa daga 9 zuwa 24 ga Afrilu domin ya sake lissafi. A ƙarshe ya bar na'urar a kan farashinta, ya ƙara wa ƙananan kayan da ke tafiya da ita kuɗi. A watan Mayu, Sony ya ƙiyasta cewa harajin zai iya ci masa yen biliyan 100 a shekarar. An rage yawancin waɗannan haraji daga baya ta hanyar sasantawa, amma farashin da ya hau bai sauko ba.

Dalili guda shi ne masu saye ba su ja baya ba. Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, aka sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Zuwa ƙarshen Satumban 2025, Sony ya fitar da PlayStation 5 sama da miliyan 84. Ɗan kasuwar da hajarsa ke ƙarewa tun kafin azahar ba shi da dalilin yin ragi.

Hanyoyi huɗu da kamfanoni suka bi

Hanya ta farko ita ce ƙarin kuɗi kai tsaye. Sony ya fara tun a watan Agustan 2022, lokacin da ya ƙara Yuro 50 a Turai, tare da ƙari a Birtaniya da Japan da wasu ƙasashe, ya bar Amurka. Ya sake taɓa Turai a watan Afrilun 2025, sannan Amurka a watan Agusta.

Ta biyu ita ce rage mudu a bar farashi. A watan Satumban 2025, samfurin PlayStation 5 marar faifai da aka fara kai wa Turai ya zo da rumbun gigabait 825 maimakon 1,000 da siririyar ke da shi, kuma kuɗin bai canza ba.

Ta uku ita ce raba farashi bisa ƙasa. Nintendo ya fitar da Switch 2 mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, yayin da mai harsuna da yawa take yen 69,980. A watan Nuwamban 2025 Sony ya bi sahu da PlayStation 5 ta 'yan Japan zalla a kan yen 55,000. An kulle waɗannan na'urori ta yadda ba za su yi amfani sosai a waje ba, domin kada 'yan kasuwa su kwashe su.

Ta huɗu ita ce jinkiri. Kamfanin Valve, mai shagon wasannin kwamfuta na Steam, ya bayyana sabuwar na'urarsa Steam Machine a watan Nuwamban 2025 ba tare da farashi ba. Jami'ansa sun nuna cewa kuɗinta zai yi daidai da na kwamfuta mai irin ƙarfinta, ba za a sayar da ita da faɗuwa ba. Akwai hujja a nan: tunda kwamfuta ce cikakkiya, wani ofishi zai iya sayen ɗari ya yi aikin rubutu da su, Valve bai ci ko sisi daga wasa ba. A watan Fabrairun 2026 kamfanin ya ce ƙarancin memori ya tilasta masa sake duba farashi da lokacin fitarwa.

Cikin waɗannan hanyoyi huɗu, ta uku ce kaɗai ke sauƙaƙa wa mai saye, kuma Najeriya ba ta cikin masu cin moriyarta. Ba ta cikin jerin ƙasashen da shagon PlayStation ke aiki a hukumance. A kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce ke ciki. Ɗan Najeriya kan buɗe asusu da sunan wata ƙasa, ya sayi katin biyan kuɗi na dala ko fam. Babu farashin naira da wani ya zauna ya yanka bisa la'akari da aljihun mutanen nan.

Daga Legas zuwa Yelwa

Na'urar da za ta iso Yawuri takan biyo ta hannun 'yan kasuwa masu saro kaya daga Dubai, ko Chana, ko Birtaniya, ko Amurka. Takan sauka a kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Legas, ko ta ɓullo ta kasuwannin kayan lantarki na Kano. Daga Legas sai ta kama babbar hanyar da ta ratso Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora kafin Yelwa. Kowane hannu da ta bi yana ɗora nasa.

Amma babban nauyin yana wurin canji. A watan Nuwamban 2020, dala tana kusan N470 a kasuwar bayan fage. Dala 499 a lokacin ta kama kimanin N235,000. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura N1,500 a hukumance. A mafi yawan 2025 ta riƙa kai-komo tsakanin N1,450 da N1,600. Idan aka ɗauki N1,450, dala 549 ta kama kimanin N796,000.

Bambancin ya kai kusan N561,000. Idan aka fasa shi gida biyu, ƙarin dala 50 da Sony ya yi bai wuce N72,500 ba. Sauran, kusan N489,000, faɗuwar naira ce. Wato a cikin kowace naira takwas da ta ƙaru, kusan bakwai daga gida suka fito. Wannan kuwa kafin a sa kuɗin jirgi, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da kuɗin kwastan, wanda shi ma da dala ake lissafa shi: canjin da hukumar ke amfani da shi ya tashi daga kusan N422 kafin Yunin 2023 zuwa sama da N1,500 a cikin 2024.

A 2020 mafi ƙarancin albashi na ƙasa N30,000 ne, don haka na'urar ta yi daidai da albashin wata takwas ba kaɗan. A watan Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da N75,000 ga ma'aikatan Jihar Kebbi. Duk da haka, a 2025 na'urar ta haura albashin wata goma. Albashi ya ninka sau biyu da rabi, na'ura ta ninka fiye da sau uku.

Gwanjo ma ya ji a jikinsa

Mafi yawan gidajen gem a garuruwa irin Yawuri ba da sabuwar na'ura suke aiki ba. Jarinsu PlayStation 2 da 3 da 4 ne na hannu, kuma hajarsu ƙwallon ƙafa ce: PES ta kamfanin Konami, wadda manya suka sani da Winning Eleven, da FIFA wadda ta koma EA Sports FC a 2023. Mai karatu zai iya tambaya, to ina ruwansu da farashin sabuwa?

Ruwansu shi ne kasuwar gwanjo daga sama ake ciyar da ita. Sai yaro a Landan ya sayi sabuwa sannan tsohuwarsa take shiga kwantena. Idan sabuwa ta yi tsada, mutane kan riƙe tsohuwa, masu ƙaramin ƙarfi a can su ma su koma neman ta hannu, kaya su ragu, farashi ya ƙi sauka. A tsohon lissafi, shekara biyar bayan fitowar PlayStation 5 ya kamata a ce ta hannu ta fara zama abin da mai rumfa zai iya tarawa ya saya. Hakan bai faru ba.

Su kuma tsofaffin suna ƙarewa. An daina ƙera PlayStation 2 tun farkon 2013, PlayStation 3 kuma a 2017. Abin da ya rage sai gyara da cire kayan wata a sa wa wata. Hannun wasa shi ne ya fi saurin mutuwa a gidan gem, domin yana shan matsa daga safe zuwa dare, kuma na PlayStation 5 ya kai kusan dala 75 a 2025, wato sama da N100,000 a canjin shekarar. Sabbin wasanni ma sun fara juya wa tsofaffin na'urori baya. Grand Theft Auto VI, wanda aka ɗage fitowarsa zuwa Nuwamban 2026, an sanar da shi ne a kan PlayStation 5 da sabbin Xbox kawai.

Domin a ga girman lamarin, a ƙaddara mai gida yana karɓar N200 a kowane wasa. Wannan adadi misali ne na lissafi. Kafin ya mayar da N796,000 sai an buga wasa kusan 4,000. Idan ana buga 20 a rana, zai yi kwana 200 yana biyan kuɗin na'urar kaɗai, bai sayi talabijin ba, bai biya haya ba, bai zuba mai ba. Kuma ba shi da damar ƙara kuɗin wasa yadda ya ga dama, domin abokan cinikinsa 'yan makaranta ne da masu koyon sana'a da 'yan acaɓa, waɗanda canjin aljihunsu ke gogayya da kuɗin abinci da na data.

Ga ruwa, ga ƙishirwa

Akwai wani kuɗin da ba ya cikin kwalin na'ura, wato wuta. Siririyar PlayStation 2 ba ta cin wat 50. PlayStation 5 tana jan kusan wat 200 idan ana wasa, kuma kyawunta ba ya fitowa sai da babbar talabijin ta zamani. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar tsofaffin na'urori da yawa, sababbi biyu ko uku ne za su cika shi.

Wannan magana tana da ɗaci a Yawuri fiye da sauran wurare. Madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968 da ƙarfin megawat 760, ta tashi mutane kusan 44,000 daga garuruwa da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa da sauran al'ummomin Masarautar Yawuri. Babban layin da ke ɗaukar wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, wanda daga can ake ba Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta wannan yanki ya ratsa. Duk da haka, mai sana'ar da ke son ya buɗe kullum a yankin da kamfanin Kaduna Electric ke rarraba wa wuta, kamar takwarorinsa a sauran sassan ƙasar, dole ya tanadi janareta ko sola.

Fetur kuwa, wanda ke ƙasa da N200 a hukumance kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura N1,000 a watan Oktoban 2024 kafin ya ɗan sassauto. Sola tana raba mutum da gidan mai, amma faifanta da baturanta su ma da dala ake shigo da su.

Zinaren Yawuri da lithium na Ngaski

Wani abin lura shi ne ƙasar Yawuri tana cikin wuraren da ake tono irin ma'adinan da ke shiga kayan lantarki. An san yankin da zinare tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka fara gwada shirin Gwamnatin Tarayya na tsara ƙananan masu haƙar zinare. A ƙarƙashin shirin ne aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinare mai nauyin kilo 12.5 a watan Yulin 2020, wanda Babban Banki ya saya a kan N268 miliyan. A Libata da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski kuma ana haƙar lithium.

Ana shafa zinare a bakin mahaɗan lantarki saboda ba ya tsatsa, lithium kuma shi ne ke cikin batirin hannun wasa da na waya. Zinare ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 a kan kowace oza a ƙarshen 2020 zuwa sama da dala 4,000 a watan Oktoban 2025. Sai dai abin da ke cikin na'ura guda ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don haka ba shi ne ya tayar da farashinta ba. Darasin da ke nan na daban ne. Ma'adini yana barin Ngaski a buhu, a farashin ɗanyen kaya. Darajar tana ƙaruwa ne a matatu da masana'antun Asiya, sannan kayan ya dawo a kwali, a farashin dala.

Abin ya wuce wasa

Mai ganin gem aikin banza ne zai iya ɗaga kafaɗa. To amma memorin da ke cikin PlayStation danginsa ne ke cikin wayar Tecno da Infinix da itel, da na'urar POS, da kwamfutocin cibiyoyin da ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB. A ƙarshen 2025, kamfanonin nazarin kasuwa irin su Counterpoint da IDC sun yi gargaɗin cewa wayoyi masu sauƙin kuɗi ne za su fi jin jiki, domin memori yana cin kaso mai girma na kuɗin haɗa su, ribarsu kuma ba ta da kauri. Waɗannan su ne wayoyin da mai sayar da kifi a bakin ruwa da dillalin albasa da shinkafa ke karɓar kuɗi da su.

A nan ma za a iya ganin dabarar rage mudu: waya mai sabon suna da sabon kwali, a kan tsohon farashi, amma da ƙaramin memori. Mai saye a Yawuri zai amfana idan ya riƙa karanta adadin gigabait na aiki da na ajiya a jikin kwali, ya kwatanta da samfurin bara, maimakon ya tsaya a kan suna. Wanda zai sayi na'urar gem ta hannu kuma ya tabbatar ba samfurin da aka kulle wa wata ƙasa ba ne, ya gwada ta na tsawon lokaci domin ya ji zafinta da ƙarar fankarta, ya kuma sa kuɗin hannun wasa da na na'urar daidaita wuta cikin lissafinsa tun farko.

Abin da za a sa wa ido

Abubuwa uku ne za su nuna inda farashi zai dosa. Na farko shi ne ko tseren ƙirƙirarriyar basira zai ci gaba da haɗiye memori kafin sababbin masana'antu su fara aiki. Wadda Micron ke ginawa a jihar Idaho ta Amurka, alal misali, sai 2027 ake sa ran za ta fara fitar da kaya. Na biyu shi ne ko manyan kamfanonin za su fara kallon Afirka a matsayin kasuwar da ta cancanci farashinta. A watan Janairun 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin wasanni na Afirka da ke da harka a Najeriya, amma wannan bai kai ga farashin naira a kan na'ura ba.

Na uku, wanda lissafin da ke sama ya nuna ya fi sauran nauyi, shi ne darajar naira. A kan na'urar dala 549, duk N100 da dala ta sauka tana rage kusan N55,000, kwatankwacin kashi uku cikin huɗu na duk ƙarin da Sony ya yi a Amurka a 2025. Mai gidan gem a Yelwa ba shi da ta cewa a Seoul ko Tokyo ko Washington. Amma hukuncin da ya fi taɓa jarinsa, na canji da kwastan da fetur da wuta, a Abuja ake yanke shi, kuma a can yake da wakilai da zai iya tambaya.